Allurar Barci a Ɗakin Tiyata: Shin Tana Taɓa Ƙwaƙwalwa?

'Yar'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu, a gidan suna, a layin awo, har a ajin matan aure na Islamiyya. Wai allurar barcin da ake yi wa mutum idan za a yi masa tiyata tana taɓa ƙwaƙwalwa, wai kuma wanda aka yi wa ita ba lallai ne ya farka ba. Saboda wannan tsoro, mace za ta kwana ta wuni tana naƙuda a Zarewa ko Fulatan ko Yammedi, da ƙyar a samo mota a kai ta asibitin Rogo ko na Ƙaraye, likita ya duba ya ce sai an yi aiki, sai ki ji uwa ko uwar miji ta ce a ɗan dakata tukuna a ga abin da Allah zai yi. A cikin wannan dakatawa jariri yake galabaita, mahaifa take fashewa, ko a tsira da rai amma a koma gida da yoyon fitsari.

Tsoron yana da tushe, ba zan ce miki babu haɗari ba. Sai dai yawancinmu mun ɗora tsoron a inda bai dace ba, mun kuma bar inda ya kamata mu sa ido.

Da farko ki sani ba iri ɗaya ba ce. Akwai allurar da ake yi a wurin ciwo kaɗai, kamar ta cire haƙori ko ta ɗinki bayan haihuwa. Akwai ta baya, wadda ke kashe jiki daga ciki zuwa ƙafafu, kina farke kina jin maganar mutane. Sannan akwai ta barci gaba ɗaya, wadda ita ce asalin maganarmu. A wannan ta ukun, ana sa magani ta jijiya inda aka ɗaura ƙarin ruwa. Wanda ya fi shahara sunansa furofofol, fari ne sol kamar madara, kafin ki ƙirga talatin kin tafi. Daga nan a ci gaba da ba ki wata iska da kike shaƙa haɗe da oksijin, sau da yawa kuma a ƙara maganin da ke sakin tsokar jiki, a zura bututu ta baki zuwa maƙogwaro don na'ura ko hannun ma'aikaci ya riƙa yi miki numfashi. Shi ya sa wasu ke tashi da kaushin maƙogwaro na kwana ɗaya ko biyu.

Muna ce masa barci ne kawai don saukin magana. Mai barci idan aka mintsine shi zai tashi, wannan kuwa ba zai tashi ba. Abin da maganin yake yi shi ne rage sadarwa tsakanin sassan ƙwaƙwalwa. Allah ya halitta wa ƙwaƙwalwa wani sinadari da ke aiki kamar birki, yawancin magungunan nan birkin suke ƙara takawa. Da zarar an daina bayarwa, iskar tana fita ta huhu, hanta da ƙoda su sarrafa sauran, sadarwa ta dawo. Maganin ba ya zama a cikin kai shekara da shekaru kamar yadda ake faɗa. An fara nuna aikin irin wannan magani a bainar jama'a ranar 16 ga Oktoba 1846 a wani asibiti a birnin Boston na Amurka, kuma a 1853 Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta shaƙi irinsa wajen haihuwa. Kin ga ke nan an fi shekara 170 ana gyara shi ana gano lahaninsa.

To ina haɗarin yake? A ƙasashen da ke da kayan aiki da ƙwararru, mutuwar da maganin barcin kansa ke jawowa ba ta wuce kusan mutum 1 cikin 100,000 ba. A wurinmu lissafin ya sha bamban. A 2016 mujallar likitoci ta Lancet Global Health ta buga nazarin da ya tattara bayanan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, aka samu cewa a cikin mata 1,000 da aka yi wa aikin da ya shafi haihuwa, fiye da mace 1 na rasuwa ta dalilin maganin barci ko na kashe jiki, kuma kusan kashi 14 cikin 100 na mace-macen aikin ciro jariri daga nan suke. Maganin da ake amfani da shi a Landan shi ne dai ake amfani da shi a Kano. Bambancin yana wajen wanda ke bayarwa, da kayan da yake da su, da kuma halin da aka kawo majinyaciya. Ƙididdigar da ƙungiyar likitocin barci ta duniya ta fitar a 2017 ta nuna Nijeriya ba ta da ko likitan barci 1 ga kowane mutum 100,000, alhali ana son a samu aƙalla 5. 'Yan kaɗan ɗin ma suna manyan asibitoci ne, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Murtala, da na ƙashi na Dala, da na Shika a Zariya wanda wasu mutanen Rogo suka fi zuwa. A asibitocin ƙananan hukumomi galibi nas-nas ne da suka yi karatun wannan fanni suke riƙe da aikin, kuma wallahi suna ƙoƙari, rayuka da yawa sun tsira a hannunsu.

Abin da ke lalata ƙwaƙwalwa a ɗakin tiyata, idan hakan ta faru, yankewar iska ne ko faɗuwar bugun jini. Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin oksijin fiye da 'yan mintuna, bayan kamar minti 4 ko 5 ƙwayoyinta sun fara mutuwa. Saboda haka ake maƙala wata 'yar na'ura a yatsa mai nuna yawan oksijin a jini. Mai lafiya tana nuna 95 zuwa sama, idan ta yi ƙasa da 90 sai ta fara ƙara. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan na'ura cikin abubuwan da za a tabbatar da su kafin a sa wa kowa wuƙa. Don haka idan aikin ba na gaggawa ba ne, musamman a ƙananan asibitocin kuɗi, babu rashin kunya ke ko maigida ku tambaya: wa zai ba da maganin barcin, akwai oksijin, akwai na'urar yatsa, an tanadi jini? Idan aka ce wanda zai yi yankan shi ne kuma zai lura da numfashinki, to ku nemi wani wuri. Mutum ɗaya ba zai iya ayyukan nan biyu a lokaci guda ba.

A nan zan ɗan tsaya a kan kwalliya. Baƙin lalle da jan farce mai duhu suna iya rikita na'urar yatsa, domin haske take harbawa ta cikin farce. Idan kin san watanki ya tsaya, ki bar ko yatsa biyu babu komai. Haƙorin Makka, da haƙorin roba, da wanda ke girgiɗi, duk ki faɗa, saboda wajen zura bututu yana iya ɓallewa ya faɗa hanyar iska.

Maganar abinci ita ce ta fi damuna, don a nan ne tausayinmu ke cutar da mu. An ce kada majinyaciya ta ci komai, sai inna ta faki idon nas ta ba ta kunu ko fura, wai ta samu ƙarfin jiki. Mutum idan yana farke, Allah ya sa masa tari da haɗiya suna tsare hanyar iska. Maganin barci yana kwantar da wannan tsaro. Idan akwai abinci a ciki, sai ya taso ya gangara huhu tare da ruwan ciki mai tsami, ya ƙona huhun. Wani likita mai suna Mendelson ne ya bayyana wannan a 1946 a birnin New York, kuma a kan mata masu haihuwa ya gano shi, domin naƙuda tana hana abinci barin ciki da wuri. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce awa 6 babu abinci, idan mai maiƙo ne har awa 8, ruwa zalla kuma a tsaya awa 2 kafin aiki. Kunu, koko, fura da shayi mai madara duk abinci ne a wannan lissafi. Jariri mai shan nono awa 4. Rubutu ko jiƙo da aka aiko daga gida su ma suna cikin dokar. Idan kuwa an riga an ci, ko aikin gaggawa ne, to ki faɗi gaskiya, me aka ci, ƙarfe nawa. Za su yi faɗa, amma suna da dabarar da suke bi idan sun san ciki a cike yake. Ɓoyewar ce ke kisa.

Haka nan duk abin da kike sha. Maganin hawan jini, na suga, na asma, na farfaɗiya, saiwa da sassaƙe, har kayan mata. Idan kina da sikila ki faɗa tun kafin a tambaye ki. Idan wani a danginku ya taɓa rasuwa ko ya yi mummunan zazzaɓi a kan gadon tiyata ki ambata, domin akwai wata matsala da ake gado wadda wasu magungunan barci ke tayarwa. Akwai kuma abin da ba mu son faɗa. Tun kafin gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 mun san shaye-shaye ya shigo har cikin ɗakunan matan aure. Wadda jikinta ya saba da kodin ko tiramadol ko ƙwayar barci, ma'aunin da za a ba ta daban ne. Ki ja ma'aikacin gefe ki gaya masa, aikinsa ya hana shi yaɗa sirrinki.

Ga mai juna biyu, albishir ɗin shi ne yawancin aikin ciro jariri yanzu da allurar baya ake yi. Nazarin 2016 ɗin nan ya nuna haɗarin mutuwa ya ninka kusan sau 3 ga matan da aka sa barci gaba ɗaya idan aka kwatanta da waɗanda aka yi wa ta baya, duk da cewa wani ɓangare na bambancin saboda masu tsananin ciwo ne aka fi sawa barci. Amma abin mamaki, ita ta bayan ma mun yi mata tata camfin, wai tana sa shanyewar ƙafa da ciwon baya na har abada. Allurar siririya ce ƙwarai, kuma ana shigar da ita a ƙasan inda laka ta ƙare. Ƙafafu sukan dawo bayan 'yan awanni. Abin da aka san tana jawowa shi ne saukar bugun jini a lokacin aikin, wanda ake tarewa da ƙarin ruwa da magani, sai ciwon kai ga wasu, mai tsananta idan an zauna, ya lafa idan an kwanta, yakan kuma wuce cikin kwanaki. Ciwon bayan da ake ɗora mata, mata da yawa da suka haihu da kansu ma suna da shi, goyon ciki wata 9 ba wasa ba ne. Dubban matan da Dakta Kees Waaldijk ya yi wa gyaran yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina da Kano tun shekarun 1980, da allurar baya aka yi musu. Za ki ji ana taɓa ki ana ja, wannan ba alamar allura ta ƙi ci ba ce. Idan zafi kika ji, ki yi magana nan take.

Ki lura da wani abu. Macen da ta zo da wuri, jininta bai zuba ba, ita ke samun allurar baya. Wadda aka riƙe a gida har jini ya tsinke ko jijjiga ta kama ta, sau da yawa dole sai barci gaba ɗaya, a jikin da ya riga ya galabaita. Wato gudun allurar barci shi ke kai mutum gare ta a mafi munin hali. Ku tattauna da maigida tun ciki yana ƙarami. Idan mai tafiye-tafiye ne ko ɗan ci-rani, ya bar izini a fili a gaban iyayensa cewa in likita ya ce aiki, a yi. Idan kuɗi ne abin tsoro, a watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da shirin aikin haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, ki tambaya a wajen awo wane asibiti ne ke cikin shirin kusa da ke.

Yanzu mu koma kan ƙwaƙwalwa. Matashiya mai lafiya za ta tashi da jiri, da tashin zuciya, wata da rawar sanyi, tunaninta ya yi nauyi na yini guda. Shi ya sa ake cewa kada ta yanke wata muhimmiyar shawara ko ta tsaya gaban murhu sai bayan awa 24. Ana iya ba jariri nono da zarar uwa ta farka sosai ta iya riƙe shi. Akwai wani magani mai suna ketamin da ake yawan amfani da shi a asibitocin karkara, saboda ba ya danne numfashi da bugun jini kamar sauran. Illarsa ita ce mafarkai da gane-gane wajen farkawa. Sai ki ga baiwar Allah tana sambatu, tana kuka ko dariya, tana kiran sunan wanda ya rasu. Nan da nan 'yan jinya su ce iska ce ta tashi, wasu kuma su baza kunne wai tana tona asiri. Magani ne ke fita, kuma abin da ta faɗa ba shi da maraba da maganar mai mafarki. Ki rage mata haske da hayaniya, kada ki yi ta girgiza ta. Wadda ta ji irin wannan sambatu ta ɗauka ta kai gidan biki, ta ci amanar jinya.

Inda maganar mantuwa ke da gaskiya shi ne wajen tsofaffi. Wani babban bincike da aka buga a 1998 a kan mutane fiye da 1,200 da suka haura shekara 60 ya samu cewa mako guda bayan babbar tiyata, kusan 1 cikin 4 tunaninsu ya ragu, bayan wata 3 kuma saura kusan 1 cikin 10. Akwai kuma ruɗewar da ke zuwa a kwanakin farko, tsohuwa ta kasa gane 'ya'yanta, ta fizge ƙarin ruwa, dare ya zame mata rana, ko ta yi shiru ta ƙi ci. Amma shin maganin barcin ne? A 2021 an buga gwajin da aka yi a Amurka da Kanada a kan mutum 1,600 masu karayar ƙugu, rabi aka yi musu allurar baya, rabi barci gaba ɗaya. Ruɗewar ta zo kusan daidai, kimanin 1 cikin 5 a kowane ɓangare. Ke nan nauyin tiyatar kanta, da zafin ciwo, da zazzaɓi, da rashin barci, da baƙon wuri, duk suna da hannu. A nan aikinki na mai jinya yake da girma. Ki kawo wa Hajiya tabaranta, ki buɗe taga da rana, ki riƙa gaya mata yau wace rana ce da kuma inda take, ki tuna mata lokutan salla, fuskar da ta sani ta zauna kusa da ita. Cincirindon 'yan dubiya har dare a rage shi. Idan ruɗewa ta zo a kira nas, don wani lokaci alama ce ta ƙarancin oksijin ko ƙwayar cuta a jini ko a fitsari.

Dama binciken da aka yi a ƙasashen Afirka 25, aka buga a 2018, ya nuna cewa kusan duk waɗanda suka rasu bayan tiyata a kwanakin da suka biyo baya suka rasu, a ɗakin jinya. Muna zuba ido a ƙofar tiyata, da an fito da mutum sai mu yi hamdala mu watse. Numfashi sama-sama, barcin da aka kasa tashin mutum daga shi, leɓe ya sauya launi, jini ya jiƙa zane, fitsari ya ɗauke, duk abubuwan kiran ma'aikaci ne ko da ƙarfe biyun dare.

Yara fa? Hankalin iyaye ya tashi a duniya bayan gwaji a kan jariran dabbobi ya nuna lahani, har hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a Disamban 2016 game da yaran da ba su kai shekara 3 ba, idan barcin zai wuce awa 3 ko za a maimaita shi sau da yawa. Amma an bi jarirai 722 da aka yi wa aikin ƙaba, rabi da barci na kusan awa guda, rabi da allurar baya. Da suka kai shekara 5 aka gwada basirarsu, sakamakon da ya fito a 2019 bai nuna wani bambanci ba. Don haka gajeren aiki guda ɗaya ba abin da zai hana ɗanki haddace izu sittin. Aikin da zai iya jira, likita zai ce a jira. Wanda ba zai jira ba, kamar hanjin da ya shaƙe, jinkirinsa ya fi maganin barci haɗari nesa ba kusa ba.

Saura tambayar da ɗalibaina suka fi yi: ya halatta mutum ya yarda a gusar masa da hankali? Wasu kan kawo labarin Urwatu ɗan Zubairu, wanda aka yanke wa ƙafa a Dimashƙa ya ƙi shan abin da zai gusar masa da hankali. Wannan juriya ce tasa, malamai ba su mayar da ita hukunci a kan kowa ba. Malaman Malikiyya irin su Alƙarafi sun bambanta abu mai sa maye da abu mai sa barci, Ibn Farhun kuma ya bayyana halaccin shayar da mai sa barci don yanke gaɓar da ta lalace. Game da tsiraici, lalura ce, ana buɗe wurin aiki ne a rufe sauran jiki, kuma kina iya roƙon a bar ma'aikaciya mace kusa da ke. Alwala tana warwarewa da gushewar hankali, sai a sake, ko a yi taimama idan ruwa zai cutar. Sallar da ta wuce ki kina ciki, malamai sun yi saɓani: wasu sun kwatanta da suma, wasu da barci. Tunda abin bai cika wuce salla ɗaya ko biyu ba, na fi natsuwa da ki rama idan kin dawo hayyacinki, a kwance ko a zaune gwargwadon iko, in ba jinin biƙi ya ɗauke miki ita ba. Azumi kuwa, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1997 ta ce iskar barci ita kaɗai ba ta karya shi matuƙar ba a haɗa da ruwa mai gina jiki ba, sai dai mai tiyata marar lafiya ce, tana da rangwamen ajiyewa ta rama bayan ta warke. Wallahu a'alam.